Pierre de Fermat, alƙalin Tuluz da lissafinsa ke tsare kuɗin jama'a a intanet

Ranar 12 ga watan Janairun 1665 wani alƙali mai suna Pierre de Fermat ya rasu a garin Castres da ke kudancin ƙasar Faransa. Ya shafe sama da shekara 30 yana sauraron ƙararraki, kuma da wannan aiki mutanen yankinsa suka san shi. Bai taɓa koyarwa a jami'a ba, bai kuma fitar da littafi ko ɗaya da sunansa ba. Amma a yau, idan mutum ya saka katin banki cikin injin cire kuɗi, ko ya buɗe shafin intanet mai alamar ɗan kwaɗo, sau da yawa lissafin da wannan alƙali ya yi a lokutan hutunsa ne ke aiki a ɓoye. Ƙa'idar da aka ƙera kwaɗon da ita tasa ce. Dabarar da masu neman ɓalle kwaɗon ke gina aikinsu a kanta ita ma daga wurinsa ta fito.

Ɗan mai fataucin fatu

An haifi Fermat a Beaumont-de-Lomagne, ƙaramin gari da ke arewa maso yammacin birnin Tuluz. Tsofaffin littattafai sun ba da shekarar 1601, sai dai binciken da masani ɗan ƙasar Jamus Klaus Barner ya yi ya karkata ga 1607. Mahaifinsa, Dominique Fermat, attajiri ne mai fataucin fatu, ya kuma riƙe muƙami cikin shugabannin garin. Dukiyar gidan ta ba yaron damar karatu mai zurfi. Ya karanci shari'a a jami'ar Orleyan, ya zauna a Bordo na ɗan lokaci, inda ya haɗu da masu sha'awar lissafi ya fara nazarin littattafan tsofaffin Girkawa. Ban da Faransanci ya iya Latin da Girkanci da Italiyanci da Sifaniyanci, har yakan tsara waƙe da wasu daga cikinsu.

A 1631 ya shiga babbar kotun Tuluz, wadda ake kira Parlement. Duk da sunanta, aikinta yanke hukunci ne, kuma a wancan zamani kujerar alƙalinta saye ake yi da kuɗi masu yawa. A shekarar ce ya auri Louise de Long, ƴar dangin mahaifiyarsa. Daga nan rayuwarsa ta tsaya tsakanin Beaumont da Tuluz da Castres, garin da wata kotu ta musamman ke zama, mai alƙalai ƴan Katolika da ƴan Furotesta, domin shari'un da suka shafi ɓangarorin biyu. A farkon shekarun 1650 annoba ta afka wa Tuluz, ta kama shi, har aka baza labarin mutuwarsa kafin daga baya a gyara.

Lissafi ta hanyar wasiƙa

A lokacin babu mujallun kimiyya. Wani limamin kirista da ke zaune a Paris, Marin Mersenne, shi ne tashar masana: a aiko masa da wasiƙa, ya kwafe, ya rarraba wa sauran a ƙasashen Turai. A 1636 abokin aikin Fermat a kotu, Pierre de Carcavi, ya haɗa shi da Mersenne, nan da nan sunansa ya bazu. Ya yi taƙaddama mai zafi da René Descartes kan lissafin lanƙwasassun layuka. A 1654 shi da Blaise Pascal suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasa idan aka katse shi kafin a ƙare, kuma daga wasiƙun nan aka samu tubalin ilimin ƙiyasin yiwuwar abu, wanda kamfanonin inshora ke aiki da shi har gobe.

Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne cikakkun lambobi, 1, 2, 3 da sauransu. Ya mallaki littafin Arithmetica na Diophantus, masanin birnin Iskandariya ta Masar, bugun 1621 da Claude-Gaspard Bachet ya fitar da Girkanci da Latin, yana karantawa yana rubuta tunaninsa a gefen shafuka. Halinsa shi ne ya sanar da sakamako, ya ƙalubalanci abokai su gano dalili, hujjar kuwa ya riƙe abarsa. Wani lokaci abin da ya gano wasu sun riga shi. A 1636 ya sanar da lambobin nan biyu, 17.296 da 18.416, da ake kira aminan juna saboda jimlar masu raba kowace tana ba da ɗayar, alhali masana lissafi na ƙasashen Musulmi sun san su ƙarnuka kafin haka.

Lambobin da ba sa rabuwa

Buhu 12 na gero ana iya raba su daidai tsakanin mutum 2 ko 3 ko 4 ko 6. Buhu 13 kuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irin waɗannan lambobi, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu, su ne lambobin tushe, waɗanda a lakwal ake kira nombres premiers. Duk wata lamba da ba ta cikinsu, daga ninka su ake samun ta, kuma ta hanya ɗaya tak: 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Euclid ya kafa hujjar cewa lambobin tushe ba su da iyaka.

Abin da ke da muhimmanci a nan shi ne bambancin tafiya da dawowa. Ɗan firamare zai ninka 17 da 23 ya samu 391 cikin minti ɗaya. Idan kuwa aka miƙa masa 391 aka ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya bi yana gwada 2, 3, 5, 7, 11, 13 kafin ya iske 17. Ƙara tsawon lambar ke da wuya, ninkawa na nan da sauƙinta, warwarewa kuwa ta zama jan aiki. Wannan wahala ita ce Fermat ya yi ta neman hanyar rage ta.

Wasiƙar 1640

A 1640 wani masani na Paris, Bernard Frénicle de Bessy, ya jefa masa ƙalubalen da ya kai shi ga tambayar ko 137.438.953.471 lambar tushe ce. Wannan lamba ana samun ta ne idan aka jera 2 sau 37 aka ninka su, aka cire 1. Gwada masu raba ta ɗaya bayan ɗaya da alƙalami aiki ne mai cin rai. Fermat ya gano cewa duk lambar tushen da za ta raba ta dole ta kasance ninkin 74 da ƙarin 1. Ta farko a wannan layi ita ce 149, ba ta yi ba. Ta biyu, 223, ta raba ta daidai.

Ranar 18 ga watan Oktoban shekarar ya rubuta wa Frénicle ƙa'idar da ke bayan wannan dabara, wadda yanzu ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat. A ɗauki lambar tushe, misali 7, da wata lambar da 7 ba ta raba ta, misali 2. A jera 2 ɗin sau shida, wato 7 a cire 1, a ninka: amsa 64. Idan aka raba 64 da 7, saura 1. A sake gwadawa da 3: jera ta sau shida na ba da 729, a raba da 7, saura 1. Haka abin yake ga kowace lambar tushe, komai girmanta. Kamar yadda ya saba, bai aika da hujjar ba, ya kawo uzurin cewa za ta yi tsawo.

Amfanin ƙa'idar na farko shi ne tona asirin lambar da ba ta tushe ba, ba tare da an san masu raba ta ba. A gwada 15: jera 2 sau 14 na ba da 16.384, a raba da 15, saura 4. Tun da ba 1 ba ce, 15 ta faɗi jarrabawa. Akwai lambobi masu wayo da ke tsallakewa, irin su 341, wadda ita ce 11 × 31, da 561, shi ya sa masana na baya suka ƙara wa gwajin ƙarfi. Da jikokin wannan gwaji kwamfutoci ke zaƙulo lambobin tushe masu ɗaruruwan alƙaluma cikin ƙiftawar ido.

Dabarar warware lamba

A 1643 Mersenne ya tambaye shi ko 100.895.598.169 lambar tushe ce. Amsa ta zo cewa 112.303 ce aka ninka da 898.423, kuma dukansu biyu na tushe ne. Cikin wata wasiƙar ta wannan lokaci ya bayyana wata hanya ta daban, wadda ba ta bukatar gwada masu rabawa.

A koma ga 391. Lamba ta farko da idan aka ninka ta da kanta za ta zarce 391 ita ce 20, mai ba da 400. Tazarar 9 ce, 9 kuwa 3 × 3 ce. Shi ke nan an gama: 20 a cire 3 ya ba da 17, 20 a ƙara 3 ya ba da 23. Idan tazarar ba ta fito daidai ba, sai a matsa zuwa 21, 22, har a dace. Misalin da Fermat ya yi aiki da shi shi ne 2.027.651.281. Ya fara daga 45.030, a mataki na 12 ya iske 45.041, inda tazarar ta zama 1.020 × 1.020. Lambar ta tsage gida biyu, 44.021 da 46.061. Da gwajin ɗaya bayan ɗaya aka bi, da sai an raba da dubban lambobi. Dabarar tana da sharaɗi: tana sauri ne idan lambobin biyu na kusa da juna, idan suka yi nisa sai ta zama tafiyar hawainiya.

Inda ya yi kuskure

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tabbata ba. Ya lura da jerin 3, 5, 17, 257, 65.537, inda kowace ake samun ta idan aka cire 1 daga ta baya, aka ninka da kanta, aka ƙara 1. Biyar ɗin nan duk na tushe ne, sai ya haƙiƙance cewa haka jerin zai ci gaba har abada, ko da yake ya amsa cewa cikakkiyar hujja ta gagare shi. A 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa ta shida, 4.294.967.297, ita ce 641 × 6.700.417. Har yau ba a sake samun lambar tushe ko ɗaya a wannan jeri ba bayan biyar na farko.

Maganarsa da ta fi shahara kuwa gaskiya ce, sai dai ta wahalar da duniya. An san 3 × 3 da 4 × 4 idan aka haɗa suna ba da 5 × 5. A gefen littafin Diophantus ya rubuta cewa irin wannan daidaito ba ya yiwuwa idan aka jera lambobin sau uku ko fiye, ya ƙara da cewa yana da hujja amma gefen shafin ya yi mata kaɗan. Sai a 1994 Andrew Wiles, ɗan ƙasar Ingila, ya kammala hujjar, aka buga ta a 1995, da kayan aikin da babu su a zamanin Fermat.

Wasan da ba wanda ya so

Manyan masanan zamaninsa ba su ga amfanin wannan bincike ba. Ya nemi jawo Pascal cikinsa, Pascal ya ba da haƙuri. A 1657 ya aika wa masanan Ingila ƙalubale. William Brouncker da John Wallis sun amsa wasu, amma Wallis bai ɓoye cewa yana ganin irin tambayoyin nan ɓata lokaci ba ne. Wallis ɗin nan, malamin lissafi a jami'ar Oksfod, shi ne gwanin warware wasiƙun sirri na ƙasarsa, ya yi wa ɓangaren majalisa wannan aiki a yaƙin basasar Ingila. Mai fasa rubutun sirri ya riƙe a hannunsa wasiƙun mutumin da lissafinsa zai sauya sana'ar baki ɗaya, bai ga alaƙa ba. Shi ma Fermat bai gani ba.

A 1659 ya aika wa Carcavi taƙaitaccen bayanin hanyoyinsa, da fatan na baya za su ɗora. A 1660 ya nemi su haɗu da Pascal a tsakiyar hanya, rashin lafiya ta hana. Ya ci gaba da zaman kotu har kwanakinsa na ƙarshe a Castres. Ɗansa Clément-Samuel ne ya ceci aikin: a 1670 ya sake buga Diophantus tare da rubuce-rubucen gefen shafi na mahaifinsa, a 1679 ya fitar da tarin wasu takardunsa da wasiƙunsa. Duk da haka sai da aka kai 1729, Christian Goldbach ya ja hankalin Euler ga maganganun Fermat, sannan aka samu magaji. Euler ya kafa hujjar ƙaramar ƙa'idar a 1736, daga baya ya faɗaɗa ta ta shafi lambobin da ba na tushe ba.

Kwaɗon da kowa ke iya rufewa

Rubutun sirri na da yana kama da zaurance: sai mai magana da mai sauraro sun riga sun san ƙa'idar. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya nuna a Bagadaza yadda ake fasa irinsa ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan fitowa. Babbar matsalarsa ita ce isar da makulli. Banki mai hulɗa da mutum miliyan ba zai iya aika wa kowa manzo da makullin sirri ba.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman a Amurka suka kawo tunanin kwaɗon da kowa zai iya rufewa amma mutum ɗaya ke da mabuɗinsa. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka ƙera shi, aka sa masa RSA daga haruffan farko na sunayensu. Wani ma'aikacin hukumar leƙen asirin Birtaniya, Clifford Cocks, ya gano irin wannan hanya tun 1973, amma ba a bayyana ba sai 1997.

Ga yadda yake aiki da ƙananan lambobi. Mai kwaɗo ya zaɓi lambobin tushe biyu, 5 da 11, ya ɓoye su. Ya ninka su ya samu 55, ya sanar da duniya 55 tare da lambar rufewa, 3. Mai son aika saƙon 7 zai jera 7 sau uku ya ninka, 343, ya raba da 55, ya aika da sauran, wato 13. Mai kwaɗo yana da lambar buɗewa, 27. Idan ya jera 13 sau 27 ya ninka ya raba da 55, saura 7, saƙo ya dawo. Wannan 27 daga 5 da 11 ta fito: a cire wa kowace 1 a ninka, 4 × 10 ya ba da 40, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da 3 aka raba da 40 saura 1. Abin da ke tabbatar da cewa saƙon zai dawo daidai kowane lokaci shi ne ƙa'idar 1640 da faɗaɗawar Euler.

Duk wanda ya warware 55 zuwa 5 da 11 ya samu mabuɗi. Shi ya sa a aikin gaske ake amfani da lamba mai alƙaluma 617 ko fiye. Sirrin gaba ɗaya ya rataya ne kan wahalar warwarewa.

Masu neman ɓalle kwaɗon

A watan Agustan 1977 mujallar Scientific American ta buga wata lamba mai alƙaluma 129 daga masu RSA, da ladan dalar Amurka 100 ga wanda ya warware ta. An warware ta a watan Afrilun 1994, bayan masu sa kai wajen 600 sun haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet na tsawon wata takwas. Hanyar da suka bi, wadda Carl Pomerance ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, jikar dabarar 1643 ce: neman lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta, waɗanda tazararsu za ta tona masu rabawa. A watan Fabrairun 2020 masu bincike na Faransa da Amurka suka warware lamba mai alƙaluma 250 da wata hanyar da ta fito daga wannan zuriya. Tsakanin 250 da 617 akwai tazarar da kwamfutocin yau ba su da ƙarfin ƙetarewa.

Ita kanta tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. A 2022 wani mai binciken tsaron intanet ɗan Jamus, Hanno Böck, ya gano wasu injunan buga takardu da ke zaɓar lambobin tushe biyu na kusa da juna wajen ƙera makullansu. Da hanyar Fermat, yadda ya rubuta ta, aka fasa makullan nan take. Barazana mafi girma kuma na tafe daga wani ɓangare. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa sabon nau'in kwamfuta da ake kira kwantum, idan aka gina babba, zai warware irin waɗannan lambobi cikin sauƙi. Saboda haka a watan Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin hanyoyin ɓoye saƙo da ba su dogara da lambobin tushe ba, kuma sauyin zai ɗauki shekaru.

A Tuluz akwai babbar makarantar sakandare mai ɗauke da sunan Fermat, akwai kuma kyautar lissafi da ake bayarwa da sunansa tun 1989. A Beaumont-de-Lomagne mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar gari. A misalin da ya gabata lambar rufewa 3 ce. A mafi yawan makullan RSA da ke aiki yau a katunan shaida na shafukan intanet, lambar rufewar ita ce 65.537, ta ƙarshe cikin biyar ɗin da alƙalin ya faɗa daidai kafin lissafinsa ya kuskure.